Tsohuwar Motar Da Ba Ta Faɗuwa Gwaji

A Ingila, da zarar mota ta cika shekara uku da rajista, doka ta ɗora wa mai ita ya riƙa kai ta gwajin lafiya sau ɗaya kowace shekara. Gwajin MOT suke ce masa. Bakanike mai lasisin hukuma zai ɗaga motar sama ko ya shiga rami a ƙarƙashinta da tocila, ya girgiza tayoyi, ya ɗora ta kan wata na'ura mai birgima da ke auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, ya duba sitiyari da shokozoba da fitilu da hon da waifa da bel, sannan ya zura na'ura a bakin salansa ya auna hayaƙi. Awa guda ta isa a gama. Kuɗin da doka ta ƙayyade wa ƙaramar mota bai wuce fam 54.85 ba, amma wanda aka kama yana tuƙi babu takardar, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000. Duk da cewa kowa ya san ranar tana tafe, kusan mota uku cikin kowace goma ba sa tsallakewa a karon farko, kuma yawanci abin da ke kayar da su bai wuce fitila da ta mutu, ko taya da ta suɗe, ko birki da shokozoba da suka gaji ba.

A 1960 aka fara gwajin, zamanin da Ernest Marples yake ministan sufuri. A lokacin motocin da suka shekara goma kaɗai ake dubawa, abu uku kuma ake nema: birki, fitila da sitiyari. Yawan motocin da suka kasa ya sa aka yi ta rage wa'adin, har ya sauko shekara uku a 1967. Daga baya aka ƙara taya, aka ƙara tsatsa, aka ƙara hayaƙi. Tun daga 2005 sakamakon kowace mota yana shiga kwamfuta, kuma duk wanda ya san lambar mota yana iya ganin tarihinta: shekarar da ta ci, shekarar da ta faɗi, da abin da ya kayar da ita.

Wannan tarin bayanai ya fito da wani abu da hankali ba ya saurin ɗauka. Kamar yadda kowa zai zata, mota tana ƙara shekaru tana ƙara faɗuwa. Mai shekara uku ba kasafai take kasawa ba, mai shekara goma ta fi ta, mai sha biyar ta fi su duka. Sai kuma a wani wuri lissafin ya juya. Motar da ta shekara talatin ta fi mai sha biyar tsallakewa, wadda ta shekara hamsin kuma ta fi mai talatin. Lokacin da gwamnatin ƙasar ta duba alƙaluman 2009, ta tarar motocin da aka ƙera kafin 1960 ba su kai kashi 10 cikin ɗari da ke faɗuwa a karon farko ba, alhali waɗanda aka ƙera bayan wannan shekarar sun haura kashi 30. Tsohuwar da ta girmi bakaniken da ke duba ta, ita ce take fita da takarda, 'yar bana-bakwai kuma a ce ta dawo gobe.

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce wadda ake ji a kowane gareji daga Bamingam har Kano: ai motocin da sun fi ƙarko, ƙarfen da ƙarfe ne, na yanzu gwangwani. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu wannan ra'ayi. Ina fahimtar abin da ke sa su faɗa, domin hujjar tana tsaye a gabansu tana sheƙi. Sai dai in aka bi diddigin maganar, ba ta tsayawa da ƙafafunta.

A ɗauki Morris Marina. Kamfanin British Leyland ya ƙera ta daga 1971 zuwa 1980, kuma a cikin Birtaniya kaɗai an sayar da fiye da 800,000. A zamaninta babu unguwar da ba a ganin ta. A 2006 mujallar Auto Express ta bi rajistar motoci ta tarar 745 kacal suka rage a kan hanya, wato ƙasa da ɗaya cikin kowace dubu. In yau ka ga Marina ta shiga gwaji ta fito babu ko gyara ɗaya, abin tambaya shi ne ina 'yan'uwanta 999 suke. Suna bola. An matse su, an narkar da su tun shekaru aru-aru, kuma da yawansu wannan gwajin ne ya aika su can. Mai mota zai kai ta, bakanike ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa ya ji ya ruɓe, a yi lissafin kuɗin walda a ga ya fi kuɗin motar, shi ke nan sai masu gwangwan.

Tsatsa ce babbar ajalin motocin wancan zamani. Ƙasar mai damshi ce, kuma da hunturu ana watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana shiga kowane saƙo na ƙasan mota ya kwanta, a lokacin da kamfanoni ba su ƙware wajen kare ƙarfe ba. Dokar gwajin ta ce in tsatsa ta ci ƙarfe a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki ko sitiyari ko shokozoba ko bel, motar ta faɗi. Labarin Lancia Beta ta ƙasar Italiya ya isa misali. A 1980 jaridun Birtaniya suka fallasa cewa wurin da ke riƙe da ƙarfen da injin yake zaune a kai yana ruɓewa a motocin da ba su daɗe ba. Kamfanin ya sayi masu matsalar daga hannun jama'a ya lalata su, sunansa kuma bai sake farfaɗowa a kasuwar ƙasar ba har ya fice a 1994. Duk da haka, akwai Beta ƙalilan da suke yawo har yau suna cin gwaji lafiya lau. Wanda ya dube su ya ce Beta mota ce da tsatsa ba ta kamawa, ya yi wa tarihi ƙarya ba da saninsa ba.

Har gwamnati ta taimaka wajen tankaɗen. Tsakanin 2009 da 2010, don farfaɗo da kasuwar sababbin motoci, an ba duk wanda ya miƙa motar da ta haura shekara goma rangwamen fam 2,000, kuma kusan mota 400,000 aka lalata ta wannan hanya. Waɗanda suka ƙi miƙa tasu a lokacin, ko dai ba su da halin sabuwa, ko kuma suna son ta son da ya wuce fam 2,000.

Wannan son shi ne gundarin maganar. Motar da ta kai shekara arba'in ko hamsin ba ta kai don kanta ba. Akwai wani mutum, sau da yawa jerin mutane ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙi bari ta mutu. Suna ajiye ta a ɗaki mai rufi. Ba sa fita da ita in an watsa gishiri. Ƙungiyar da ke haɗa kulob-kulob na masu tsofaffin motoci a ƙasar, FBHVC, ta ƙiyasta cewa irin wannan mota tana yin wajen mil 1,200 a shekara, yayin da motar yau da kullum take yin wajen mil 7,000. Ranar Asabar mai ita yana kwance a ƙarƙashinta da bindigar giris. Ya san ƙarar injinta kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. In wani ƙarfe ya ƙare a kasuwa, sai 'yan kulob su haɗa kuɗi a ƙera musu. Masu motar MGB, wadda aka yi fiye da rabin miliyan daga 1962 zuwa 1980, har sabon bodi sukutum suke iya saya, domin tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga shi da ainihin injinan da aka yi na farko da su. Akwai MGB da yawa da lambarsu ta 1970 ce amma ƙarfen jikinsu bai kai shekara ashirin ba.

Morris Minor ta fi kowace nuna yadda rayuwar irin waɗannan motoci take rataye a hannun mai su. Alec Issigonis ne ya zana ta, an ƙera fiye da miliyan 1.6 daga 1948 zuwa 1971, kuma har yanzu Turawan Ingila suna ji da ita. A ƙafarta ta gaba akwai wata mahaɗa mai zare irin na noti, wadda nauyin motar yake kanta kuma a kanta taya take juyawa in an karya kwana. Abincinta giris ne, a kai a kai. In ana ba ta, sai ta yi shekaru ba ta ce uffan ba. In aka manta, zaren ya cinye a hankali ba tare da wata ƙara ba, har ranar da zai zame tayar ta kwanta a cikin bodi motar ta durƙusa a tsakiyar titi. Minor biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya, ɗaya ta durƙusa a 1975, ɗaya tana yawo yau. Ƙarfensu ɗaya, zanensu ɗaya. Abin da ya raba su mutum ne da ya tuna da giris.

Duk wanda ya tashi a tsohon birni ya san wannan a gidan ƙasa. Za ka ga soro ya shekara ɗari yana tsaye, baƙo ya ce ginin mutanen da ya fi siminti. Ɗan gida kuwa ya san cewa duk shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe inda ya tsage. Ya kuma san kangon da ke maƙwabtaka, wanda magini ɗaya ya gina su tare, amma magada suka watse aka bar shi damina uku ba yaɓe. Shekarun soron nan shaida ce a kan mutanen gidan.

Akwai wasu abubuwa kuma da ke ƙara wa alƙaluman kyau fiye da yadda suke a zahiri, kuma ya kamata mai karanta su ya sani. Ana gwada kowace mota ne da ma'aunin zamaninta. Wadda aka fara hawa kafin 1965 ba a neman bel a jikinta. Mai fetur da ta fito kafin Agustan 1975 ba a sa mata na'urar auna hayaƙi, da ido kawai ake dubawa. Fitilar hazo ta baya sai daga Afrilun 1980 ta zama dole. Tsohuwar mota ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, ba ta da fitilun gargaɗin kwamfuta da in ɗaya ta kama a motar zamani za a kayar da ita. Tambayoyin da ake yi mata sun fi kaɗan, don haka wuraren faɗuwa ma sun fi kaɗan. Sannan gwajin gaba ɗaya ba ya duba lafiyar inji ko kuloci ko giya, kuma ba a yarda bakanike ya kwance komai ba. Mota tana iya cin gwaji da safe ta mutu a hanya da yamma, kuma takardar ba ta yi ƙarya ba, domin ba ta taɓa yin alkawarin cewa motar za ta kai ka gida ba.

Ga kuma ƙarancin adadi. In wata mota ce da ashirin kaɗai suka je gwaji a shekara, faɗuwar guda ɗaya tana sauke sakamakon da kashi 5 cikin ɗari. Bana a ce kashi 95, baɗi mutum biyu su manta da ƙwan fitila a ce 85, mai kallo daga nesa ya ɗauka wani abu ya sami motar, alhali babu abin da ya same ta. Waɗanda suke da matsala ta gaske kuwa ba sa zuwa ma. Doka ta ba mutum dama ya sanar da hukuma cewa ya janye motarsa daga hanya, abin da suke kira SORN, ya rufe ta da tamfol har sai ya sami kuɗin gyara. Ga nau'o'in motoci da dama, waɗanda ke kwance a haka sun fi waɗanda ke yawo. Ba sa faɗuwa gwaji don ba sa shiga. Wanda ya je kuma, ya shafe makonni yana shiri: ya canza abin da yake shakka, ya gwada kowace fitila, ya zaɓi garejin da ya san tsofaffin motoci.

Har zuwa nan labari ne mai daɗi, na mutane masu riƙon amanar abin da ke hannunsu. Inda ya ɗauki hankalina sosai shi ne abin da hukuma ta yi da wannan kyakkyawan sakamako. A Nuwamban 2012 aka cire motocin da aka ƙera kafin 1960 daga gwajin. A ranar 20 ga Mayun 2018 aka faɗaɗa, aka ce duk motar da ta cika shekara arba'in ta huta, muddin ba a yi mata babban sauyi a shekaru talatin da suka gabata ba. Wannan mataki ya fitar da ƙarin mota kusan 293,000 a tashi ɗaya. Hujjar gwamnati ita ce masu su suna kula da su, ba sa yawan hawa, kuma sun fi sauran cin gwaji. Abin lura, da aka nemi jin ra'ayin jama'a kafin yanke hukuncin, waɗanda suka ce kada a cire sun fi waɗanda suka ce a cire yawa, kuma cikinsu akwai masu tsofaffin motocin da kanikawan da ke gyara su. Mutanen da aka ce za a sauƙaƙa wa, da yawansu cewa suka yi a bar musu nauyin.

Ina ganin su ne da gaskiya. Kulawar da ta sa sakamakon ya yi kyau, gwajin yana cikin abin da ya gina ta. Ranar da aka sa a kalanda ita ce ke sa mutum ya shiga ƙarƙashin mota a watan da ba ya jin yi. Sanin cewa wani zai duba shi ne ke sa a canza tiyon birki bana maimakon a ce ai zai kai baɗi. An ɗauki 'ya'yan itacen a matsayin hujjar cewa ba a buƙatar ban ruwa.

Kuma ko da mai motar ya fi kowa himma, akwai abin da ba zai gani ba. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Birki ba ya lalacewa dare ɗaya. Yana raguwa ne kaɗan-kaɗan, ƙafar direba kuma tana ƙara dannawa kaɗan-kaɗan ba tare da ya lura ba, har ya zama yana taka birki tun daga nesa yana ɗauka halin motar ke nan. Sitiyari ya fara wasa, hannu ya saba gyarawa. Mota tana ja gefe ɗaya in an tsaya, kafaɗa ta koyi rama wa. Shekara biyar a haka, mutumin zai rantse maka motarsa lafiya ƙalau, kuma ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Na'urar birgimar nan ba ta saba da kowa ba. In ƙarfin birkin hagu da na dama suka bambanta da fiye da kashi 30 cikin ɗari, za ta nuna, ko da mai motar ya shekara talatin yana shafa mata mai. Mafi yawan masu irin waɗannan motoci ba su da rami ko abin ɗaga mota a gida, kuma ƙauna ba ta haska bayan tankin mai inda bututun birki yake ruɓewa a ɓoye.

Hujjar cewa ba a yawan hawansu ma tana da baki biyu. Gaskiya ne, motar da ba ta fita ba ta cika yin haɗari ba. Amma zama yana cin mota ta hanyar da tafiya ba ta ci. Man birki yana shan damshi daga iska, ruwan ya kwanta a cikin silinda ya sa tsatsa, fistin ya maƙale. Robobi suna bushewa su tsage. Tun Satumban 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a ƙasar, E10, yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cin tsofaffin tiyo da robobin kafireto. Taya kuwa ita ce ta fi yaudara. Motar da ke yin mil dubu a shekara tana iya shekara ashirin zanen tayarta bai suɗe ba, a ido kamar sabuwa, alhali robar ta ƙandare ta daina kama ƙasa in an yi ruwa. A Satumban 2012 wata doguwar bas da ta ɗauko mutane daga bikin kiɗa ta yi haɗari a yankin Surrey, mutum uku suka rasu, bincike ya nuna tayar gaba da ta fashe ta shekara 19. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta yi shekaru tana fafutuka, har a 2021 aka haramta sa tayar da ta haura shekara goma a ƙafar gaban manyan motoci da bas-bas. Ƙananan motoci ba su shiga wannan doka ba, amma bakaniken da ya ga taya ta tsattsage zai faɗa. Motar da ba ta zuwa wurinsa, babu mai faɗa mata.

Masu goyon bayan cirewar suna da maganar da ya kamata a saurara. Matashin bakaniken da ya koyi aiki a kan motocin kwamfuta yana iya ganin ɗan wasan da ke cikin sitiyarin motar 1950 ya ce lalacewa ce, alhali haka aka ƙera ta. An sha kayar da motoci a kan abin da ba laifi ba ne, kuma rabin takardar gwajin zamani ba ta shafe su ba. Sun kuma tuna mana cewa doka ba ta yafe wa kowa hawa mota marar lafiya ba: wanda aka kama da mota mai haɗari tararsa tana iya kaiwa fam 2,500, ko motar tana buƙatar gwaji ko ba ta buƙata. Duk na yarda. Amma maganin gwajin da bai dace ba shi ne a yi wanda ya dace, gajere, mai duba birki da sitiyari da taya da tsatsa da fitila, kusan irin na 1960. Tara kuma tana zuwa ne bayan an kama mutum, sau da yawa bayan abin ya riga ya faru. Jamus ba ta bi wannan hanya ba. Motar da ta shekara talatin tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, da sauƙin haraji, amma duk shekara biyu sai ta je gwaji kamar kowa. Faransa ta sassauta ne kawai, ta mai da shi duk shekara biyar ga motocin tarihi, in ban da waɗanda suka girmi 1960, da ba a gwada su.

Wani abin da ya sa batun ke ƙara nauyi shi ne shekara arba'in ɗin nan tafiya take yi. A 2018 motocin 1978 ake magana, a 2025 kuma na 1985. An wuce zamanin motocin da ke tafiyar hawainiya zuwa wurin baje koli ranar Lahadi. Yanzu Ford Sierra da Golf GTI da Peugeot 205 GTI sun shiga, motoci masu gudun gaske, waɗansu kuma masu araha. Motar da ta shiga rukunin tarihi ba ta biyan harajin hanya, ba ta kuma biyan fam 12.50 da ake karɓa kullum a Landan daga motoci masu yawan hayaƙi. Wannan ya isa ya jawo mutumin da ba ruwansa da tarihi, wanda mota mai sauƙin kuɗi kawai yake nema ya je aiki. Hujjar da aka kafa dokar a kanta ta dattijo ce mai bindigar giris, amma ƙofar da aka buɗe ba ta tambayar wanda ya shigo. Alƙaluman kuma ba za su nuna hakan ba, domin tun 2018 waɗanda ke kai motar da ta haura arba'in gwaji su ne masu zuwa don ra'ayin kansu, wato mafi kulawa a cikin masu kulawa. Sakamakon zai ƙara kyau a takarda daidai lokacin da aka daina ganin waɗanda ya kamata a gani. Alhali ita gwamnatin da kanta, da aka kawo shawarar jinkirta gwajin farko na sababbin motoci zuwa shekara huɗu, a Janairun 2024 ta ce a'a, a bar shi a uku, saboda tsaron rayuka.

Mu ma muna da tsofaffin da muke alfahari da su. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka daina yin ta a Turai a 1983, amma masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Har yau akan ga guda tana tafe tsaf a hannun wani dattijo, a ce ka ga mota. Lalle mota ce, ƙafafunta sun dace da hanyoyinmu, kuma babu gishirin hunturu a nan. Amma dubban 'yan'uwanta da suka yi jigila a tashoshi sun ƙare a bayan gareji kaji suna ƙwai a ciki, kuma wadda ta rage ta rage ne don Alhaji ba ya ba yara makulli, ba ya wuce ranar juyen mai, bakanike ɗaya ne yake taɓa ta tun tana sabuwa. Bambancinmu da Ingila shi ne tsofaffin motocinmu ba na ado ba ne. Mafi yawansu suna tsakiyar shekarun nan ne da alƙaluman can suka nuna sun fi kowane lokaci faɗuwa, sha biyar zuwa ashirin da biyar, kuma su ne ke ɗaukar mutum bakwai da buhuna daga wannan gari zuwa wancan kowace rana. Takardar shaidar lafiyar mota tana cikin takardun da muke sabuntawa duk shekara, kuma kowa ya san sau da yawa takardar tana fitowa ba tare da wani ya leƙa ƙarƙashin motar ba.

Don haka, mai karatu, in kana da mota, ko ta shekara biyar ce ko ta hamsin, ka sa wa kanka rana ɗaya a shekara, kafin damina ya fi. Ka kai ta wurin bakaniken da ba shi ne ya saba gyara ta ba, wanda ba ya jin nauyinka. A hau da ita kan rami, a cire tayoyi a duba birki ƙafa huɗu, a bi bututun man birki daga gaba zuwa baya, a girgiza sitiyari. Ka duba gefen kowace taya, akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka ba wani direba ya tuƙa ta ya gaya maka abin da ya ji, kuma in ya ce birkinka ya yi nisa, kada ka ce masa haka take.